Abin da Lalle Ya Rufe

Duk wanda ya san rubutuna a da, in ya ga wannan takarda ba zai yarda ni na yi ta ba. Shekara talatin da 'yan kai ina koya wa yaran firamare riƙon alƙalami, yau ga ni na maƙale nawa tsakanin manuniya da ta tsakiya, haruffa sai karkacewa suke kamar na 'yar aji ɗaya. Duk da haka sai na rubuta, domin matan da hannunsu ke wuni cikin ruwa suna da yawa a garin nan, kuma na san irin taurin kanmu.

Sunana Asabe, amma a unguwarmu a Daura Malama kawai ake ce mini. Da na yi ritaya, shekara biyu bayan rasuwar maigidana, sai na koma sana'ar da na tashi na tarar mahaifiyata tana yi a Sandamu, wato koko da gasara. Fansho yana zuwa ko da yana ɗingishi, don haka yunwa ba ta cikin lissafin. Shiru ne ya ishe ni. Gida mai ɗaki huɗu, daga ni sai kaji. Da na fara koko kuwa, kafin rana ta fito tsakar gidana ta cika da mata, kowacce da kwanonta. A nan nake jin wa ta haihu, ɗan wa ya dawo daga Legas, wace ce ta yi yaji kuma wa zai je biko. Zuwa hantsi sun watse, amma hirar da suka bari takan ishe ni har washegari.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mini, shi ne kuma na fari, saboda haka ba na kama sunansa, Babangida nake ce masa. Yana aiki a Kano, da matarsa da 'ya'yansa uku. Tun da na fita takaba yake roƙona in koma wurinsa, har ɗaki ya gyara mini a saman bene. Na je na gani sau ɗaya. Ɗaki ne mai kyau, tagarsa tana kallon bangon maƙwabta. Da ya matsa mini sai na yanke masa magana, na ce, "Muddin hannuna yana aiki, ba inda za ni. Ranar da ya daina, ka zo da motarka." Ya ce ya ji. Ni da bakina na faɗa, kuma wannan magana ita ce ta zauna mini a rai tun daga ranar da yatsana ya fara ciwo.

Abin ya fara ne a farkon bazara. Mai koko hannunta ba ya bushewa. Ki wanke gero, ki jiƙa, a dawo da shi daga markaɗe ki zuba ruwa ki tace, ki matse dusa a ƙyalle da dukan ƙarfinki, gobe ki tsiyaye ruwan tsami ki kwashe gasara, ga wanke-wanken robobi da tukwane. Na lura 'yar fatar nan da ke rufe gindin farce ta ɓace daga babban yatsana na dama. Wurin ya ɗan tasa, ya yi ja, in ruwan tsami ya taɓa shi sai in ji kamar an watsa barkono. In na matsa, ɗigon mugunya ya fito, in goge da bakin zane in ci gaba da aikina.

Yahanasu na fara nuna wa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma tare muka yi amarci a unguwar. Ta juya yatsan ta ce, "Ɗan karkare ne ke son kama ki. Huda lemon tsami ki cusa shi ciki, kwana uku ya mutu." Na cusa. Kwana uku ina yawo da lemo a yatsa ina cije leɓe, ko gezau ciwon bai yi ba.

A sati na biyu na je wurin mai kemis na bakin titi. Bai ko taɓa hannun ba, daga nesa ya leƙa ya miƙo kafso mai ja da rawaya, ya ce biyu da safe biyu da yamma. Na ƙara da nawa ilimin, na riƙa fasa ɗaya ina barbaɗa garin a kan wurin, yadda muka ga ana yi tun muna yara. Kwana huɗu kumburin ya saɓe, mugunya ta tsaya. Na yi ta shi wa yaron nan albarka a gaban mata, na ce ya fi likitoci. Sauran kafson na jefa a kwalla, tunda na warke me zan yi da shi.

Ba a yi kwana goma ba ya dawo, kuma da rakiya, domin manuniya ma ta fara ja a gindin farce. Na koma kemis, aka ba ni wani wai ya fi ƙarfi. Ya lafa, ya dawo. Aka canza wani. Sau uku muna wannan wasa, kowane zuwa sauƙin yana gajarta. Cikin haka sai bakina ya ɓaci. Wani farin abu ya shimfiɗu a harshena kamar guntun kindirmo, in na kankare da asuwaki sai wurin ya yi ja yana raɗaɗi. Ga ƙishirwa da ba ta jin ruwa, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Na ce zafin bana ne, kowa ma yana kuka da shi. Ko kusa ban kawo cewa bakin da yatsan labarinsu ɗaya ba ne.

Farcen kuma ya canza kama. Ya yi kauri, ya yi gargada, gefensa ya yi wani duhu-duhu mara kyan gani. Wata safiya ina zuba wa wata amarya koko sai na ga idonta a kan hannuna. Ta ce, "Malama, me ya sami yatsanki?" Na ce ƙofa ce ta datse ni. Ta ce Allah ya sawwaƙe. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Ban ga laifinta ba, ni ma ba zan so a zuba mini abin da zan ba ɗana da irin wannan hannu ba. Amma na tsorata ƙwarai. In ɗaya ta gani, goma za su gani.

A ranar na aika aka sayo mini garin lalle. Na ce da kaina ai lalle magani ne, yana sanyaya ciwo, iyayenmu ma sun yi. Gaskiyar magana ita ce rufewa nake so in yi. Na kwaɓa shi da kauri, na lafta wa yatsun har gaɓa ta biyu, na cusa hannun cikin leda, na ɗaure wuyan hannu da tsumma don kada iska ta shiga ya ƙi kamawa. A haka yake kwana, sai da asuba in kwance. Ya kama kuwa, ja wur har yana baƙi. Da yake ruwa yana saurin kwashe shi, sai na mayar da abin kwana bibbiyu. Mata suka yi ta tsiya. Wata ta ce, "Iye, Malama an sha ƙunshi! Ko wani tsoho ne ya fito ba mu da labari?" Na ce ya fito, amma sai ya fara biyan bashin kokon da ya sha. Aka yi ta dariya, har da ni, yatsana kuwa yana bugawa kamar an sa masa zuciya tasa ta kansa.

Babangida yakan kira ni duk Juma'a bayan an sauko. "Inna, ya jiki, ba wata matsala?" In ce lafiya lau. Tsakanina da shi dama magana ba ta da tsawo, kunyar ɗan fari ba ta barin uwa ta zauna tana lissafa masa inda ke mata ciwo. Na fake da wannan kunya na ji daɗina. Amma abin da ya fi hana ni shi ne motar. Na san in na ce hannu, kafin in rufe baki ya kama hanya.

A sati na bakwai abin ya fi ƙarfin lalle. Kan yatsan ya kumbura ya yi sumul, ba na iya murɗa ƙyallen tata sai da hagu da haƙori. Zazzaɓi ya riƙa rufe ni da yamma. In na kwance ledar da asuba wani wari ke tashi, in yi maza in wanke da sabulu in shafa turare. Ranar da asirina ya tonu, tsakar gida cike take. Na ɗaga ludayi daga tukunya, gindinsa ya danne kan yatsan, na ji wani abu ya tsarga mini har ƙwaƙwalwa. Ludayin ya faɗi. Wurin ya fashe, mugunya da jini suka gangaro har gwiwar hannu, warin ya gauraye wurin. Aka yi ta sannu, sannu, daga nan wannan ta tuna ta bar wuta a kunne, waccan ta ce yaro na kuka. Tukunyar koko tana nan cike tana tururi, tsakar gida ta zama wayam.

Yahanasu ce kaɗai ta tsaya. Ta ce, "Ke dai Asabe Allah ya shirye ki. Ɗauko mayafinki." Kafin mu fita na nuna mata tukwane da robobi da geron da na jiƙa, na ce, "Ki kwashe ki riƙe mani masu sayena kafin in dawo. Kwana biyu ne."

Mun isa asibiti da hantsi. Layin yankar kati daban, layin awo daban, layin ganin likita ya zagaye baranda. Yahanasu ta zauna da ni har azahar ta gabato, sannan ta fara duban rana. Mijinta ya shekara a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ba mai juya shi sai ita. Na ce ta tafi. Ta tafi tana waiwaye. Na zauna a kan benci da hannu a naɗe cikin ɗankwali, kowa da wanda ke yi masa fifita ko yake riƙe masa jaka. Da aka kira sunana ban ji ba sai a karo na biyu, don na daɗe ban ji an ce Asabe da ƙarfi haka ba.

Likitar yarinya ce, in da 'yata ta biyu ta rayu da sa'arta ce. Ta kwance ɗankwalin a hankali ta ce, "Mama, tun yaushe?" Na ce sati biyu. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, irin duban da ni ma na sha yi wa yaron da ya ce akuya ta cinye littafinsa. Ta ce, "Mama, farce ba ya zama haka a sati biyu." Na ce to, bakwai. Ta juya hannun a gaban fitila, ta yi tsaki a hankali. "Wannan lallen ya hana ni ganin inda jan ciwon ya tsaya. Da leda kike ƙunsawa?" Na ce da me kuma. Ta sa na buɗe baki, ta daɗe tana kallon harshena, ta tambayi kafso nawa na sha. Aka soki yatsan hagu aka ɗiga jini a wani ɗan inji. Ta ce sugana ya hau sosai, kuma da alama ya daɗe a sama. Ta dangwali mugunyar da auduga a kan tsinke, ta kankari harshen ma, ta ce za a kai ɗakin gwaji a shuka su a ga abin da zai tsiro. Aka ɗauki hoton ƙashin. A yammacin nan aka tsaga wurin aka matse, aka ba ni gado.

Ɗakin mata gado goma sha biyu ne, kowane gado da tabarma a gefensa, da mai jinya, da kular abinci. Gefen nawa siminti ne kawai. Duk nas ɗin da ta zo da takardar magani sai ta ɗaga murya, "Ina mai jinyar gado na bakwai?" Sai in ce ga ni. In sauko, in ja silifas, in tafi layin magani da kaina. Wasu daga cikinsu sun yi mini kirki, wata har takan karɓi takardar ta je ta sayo. Wata kuwa ta taɓa ce mini, "Ke ba ki haihu ba ne?" Na yafe mata yanzu, amma a lokacin na juya bango na yi kukana.

Abubuwan da ban taɓa ɗauka aiki ba ne suka zama aiki. Ɗaurin zane da hannu ɗaya. Buɗe murfin gora. An hana ruwa taɓa hannun, sai aka samo mini dutse ina taimama, ni da ban taɓa wasa da alwala ba. Abinci kuma da cokali a hannun hagu, sai in juya wa mutane baya kafin in ci. Wata Bafillatana daga wajen Mashi, wadda ke jinyar surukarta a gado na takwas, ita ta lura. Ba ta tambaye ni komai ba. Kullum da safe sai ta zo ta ɗaura mini zane, ta gyara mini kallabi, ta koma tabarmarta. Har aka sallame su ban san sunanta ba, ita ma Gwaggo kawai take ce mini. Allah ya saka mata da Aljanna.

Matan kokona sun zo, ba zan ci haƙƙinsu ba. A kwana na uku suka zo a ƙungiya da ledar lemo, suka tsaya a ƙafar gado. Suka ce Yahanasu tana ƙoƙari, amma kokonta bai kai nawa ba. Na ji daɗin maganar fiye da lemon, wanda ma an hana ni sha da yawa. Minti kaɗan suka yi, kowacce da aikin gida yana jiranta.

A kwana na huɗu likita ta zo da sakamako, ta ja kujera ta zauna. Abin da ta faɗa ya zauna mini daram, don ta yi bayani yadda malamin kirki yake yi. Ta ce abu biyu ne suka tsiro. Ɗaya ƙwayar cuta ce mai sa mugunya, irin wadda kafso ke kashewa. Ɗayan kuwa dangin yis ne, ɗan'uwan wanda ake sa wa fanke ya tashi, kuma shi kafso ba ya yi masa komai. Ta ce dukansu suna zaune a jikin kowa ba sa cutarwa, sai in sun sami ƙofa, kuma ruwa ne ya buɗe musu tawa da ya cinye fatar gindin farce.

"Mama, kin san yadda wake ke bin karan dawa? Yis ɗin nan yana fitar da zare-zare yana kutsawa cikin nama, ita kuma ɗayar sai ta manne a jikinsa ta bi shi ciki. In sun haɗu sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi, magani ya zo ya kasa ratsawa."

Na ce amma ai na ga sauƙi duk lokacin da na sha.

"Maganin bai yi miki ƙarya ba, rabin aiki ya yi. Ya kashe na waje, kumburi ya sauka. Ya kuma kashe wasu ƙwayoyin masu amfani da ke taka wa yis burki, shi ya sa ya bazu har bakinki. Da kin daina sha sai na cikin yauƙin su fito su ɗora daga inda aka tsaya." Ta ƙara da cewa, "Ledar nan kuma ɗumi ce da laima har asuba. Ga suga a jini. Kin ba su ɗaki, kin ba su abinci."

Ni Asabe, da na shekara da shekaru ina duba farcen yara a layi ranar Litinin da bulala a hannu. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Sai ta ɗaga hoton ta nuna mini kan ƙashin, inda ya yi kamar gara ta taɓa. Ta ce za a haɗa magani biyu a lokaci ɗaya, allura don mai mugunyar, ƙwaya don yis, a kuma sauko da suga. In ƙashin bai amsa ba cikin sati biyu, sai an cire gaɓar sama don a tsirar da sauran hannun. Ta ce tana son magana da wani nawa. Na ce ba kowa. Ta ce, "Mama, a katinki an rubuta kina da ɗa." Na karanta mata lambar ina kallon silin.

Kafin la'asar Babangida ya iso. Ya tsaya a ƙafar gado da takalminsa na ofis, ni kuma na kau da kai. Sai ya ce, "Inna, wata biyu? Ina kiran ki kina ce mani lafiya lau?" Hawaye suka zubo masa. Na ce ya share fuskarsa, ɗakin mata ne, ana kallonsa. Iyakar abin da na iya ce masa ke nan, alhali zuciyata kamar ta fito don tausayinsa. Ya kwana uku a garin, yana shigowa lokacin ziyara, ya sayi duk abin da aka rubuta bai bari na ga takardar ba. Ya so matarsa ta zo ta zauna da ni, na hana, tana da goyo ga 'yan makaranta. Ya koma bakin aikinsa yana zuwa duk ƙarshen mako. Maganar mota kuwa ko sau ɗaya bai ɗauko ta ba, kuma shirun nan ya fi damuna a kan ya yi ta faɗa.

Bakina ya washe cikin kwana biyar. Manuniya ta saɓe. Suga ya fara sauka. Ƙashin ne ya ƙi. A ƙarshen sati na biyu aka shiga da ni tiyata da safe, aka kashe hannun da allura, ina jin ƙarar ƙarafa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da aka kwance bandeji bayan kwana biyu na ga abin da ya rage, guntu ne mai kai a dunƙule, ga sauran jan lalle a gindinsa. Ban yi kuka ba. Na dai daɗe ina kallonsa.

Na ƙara sati biyu a gado, sannan sati uku ina zuwa wankin ciwo daga gida. Ranar da likita ta sallame ni gaba ɗaya, damina ta riga ta sauka. Na tambaye ta yaushe zan koma tata. Ta ajiye biro ta ce, "Mama, hannun nan ya gama zama cikin ruwa." Na ce in na sa safar roba fa? Ta ce don ɗan wanke kwano ba laifi, amma awa uku ana tata zufa za ta jiƙa shi daga ciki, an koma ledar lalle ke nan. Ta ce da suga a jikina, in abin ya dawo ba lallai ya tsaya a gaɓa ɗaya ba. Na gode mata, kuma har gobe ina gode mata, ko da yake a ranar ji na yi kamar in mare ta.

To 'yan'uwana masu koko, masu awara, masu wanke-wanke da wankau, ga abin da na saya da yatsana. In gindin farce ya kumbura ya wuce sati, a je a nuna. Ciwon da ya lafa da kafso ya dawo, ya sake lafawa ya dawo, akwai wani abu tare da shi da kafson ba ya gani, ƙarin kafso kuma gyara masa wuri yake yi. A tsane hannu sosai bayan aiki. A auna suga ko ba a jin komai. Kada a ƙunsa lalle a kan ciwo, balle da leda.

Da Babangida ya kawo ni gida, ya zagaya ya duba rufi da ƙofofi, ya tsaya a zaure ya ce, "Inna, ba zan tuna maki maganarki ba. Ke za ki kira ni." Na ce hannuna yana aiki, ina shara, ina dafa abincina, ina jan carbi. Ya ce haka ne, ya tafi.

Yahanasu ta zo da kanta ta ce za ta dawo mini da tukwane. Na ce ta bar su, me zan dafa a ciki. Na ga yadda sana'ar ta rufa mata asiri ita da mara lafiyarta, kuma wallahi ban yi mata baƙin ciki ba. Abin da ban shirya masa ba shi ne katangar. Kullum in na idar da sallar asuba sai in fara jin matan kokona a gidanta. Ƙarar murfin kwano, sallama, sai dariya. Ina gane muryar kowacce. Wani lokaci in tsinci rabin labari, in matsa kusa da bango, sai wata ta yi magana a kai sauran ya ɓace mini. Mai wucewa takan leƙo ta ce Malama ya jiki, kafin in ce shigo ta yi gaba, kokonta zai huce. Sati uku ina haka, ina zaune a kan turmi da tsintsiya a hannu kamar mai shara.

Ranar Talatar nan da ta wuce na ce wannan wauta ce. Gidan Yahanasu ne fa, taku goma. Na yi wanka, na sa atamfata mai kyau, na ɗauki kwano na fita. An hana ni koko sai ɗan kaɗan ba suga, amma ba wanda ya hana ni zama a tabarma.

Na yi sallama. Hirar ta tsaya cak. Duk suka miƙe, ana ta gaishe ni, ana ya ƙarfin jiki, idanu suna sauka kan hannuna suna ɗaukewa da sauri. Wata ta ce, "Haba Malama, da kanki? Ai da kin ƙwala kira ta katanga an kawo maki." Wata ta karɓe kwanon ta ce, "Ku matsa, a fara sallamar Malama, kada ta tsaya, ba ta da lafiya." Yahanasu ta cika shi har baki, ta ture hannuna da na miƙa kuɗi, ta ce in na sake sai mun ɓata. Amaryar nan da ta fara ganin yatsana ita ta ɗauki kwanon, ta ce yana da zafi, bari ta kai mini. Ga wuri a tabarma kusa da tukunya, ina ganinsa. Abin da zan ce kawai shi ne, ku bar ni in ɗan zauna. Bakina ya ƙi. Na bi yarinyar a baya tana tafe a hankali don kada ta zubar, ta ajiye mini a ƙofar ɗaki, ta durƙusa ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Kafin ta kai zaure na ji hira ta ɗinke a can, an ɗora daga inda aka tsaya.

Na ɗebi cokali ɗaya na kai baki. Tsaminsa daidai, citta ta ji, ba gudaji ko ɗaya. Na nemi abin da zan kushe na rasa.

Na ɗauko waya na lalubi lambar da manuniya. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Inna? Lafiya?"

"Lafiya lau. Kana da aiki ranar Asabar?"

Ya ce, "Ba ni da shi."

"To ka taho da igiya. Katifata ba za ta shiga bayan mota ba."

Na ajiye wayar a kan tabarma, na koma kan turmi, na zauna ina sauraronsu har suka watse.